Hayar babur a Bali: shagon matar da ta hana Bazazzagi makulli

Tun da muka dawo nake cewa zan rubuta wannan abin amma karatu ya hana, sai jiya da wani ɗan uwa cikin ɗalibanmu na nan Indonesiya ya kira ni yana tambaya wai in ya je Bali ina zai samu hayar babur mai araha inda ba a tambayar lasin, shine nace toh bari kawai in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya gani, dan na gaji da maimaita labarin a waya, kuma kullum in na bayar sai an min dariya a wajen faɗuwar.

Mu biyu muka je, ni da abokina Bazazzagi, a hutun watan Yuli. Ni shekarata ta biyu kenan a garin Malang da ke tsibirin Java, shi kuma ko wata uku bai cika a ƙasar ba. Bas ɗin dare muka hau, muka tsallaka ruwa da jirgin fito daga Ketapang zuwa Gilimanuk, gari na wayewa muna cikin Bali, jiki duk yayi tsami. A Sanur muka sauka saboda ya fi Kuta da Canggu natsuwa, kuma samun abincin halal ba wuya, akwai gidajen abincin Padang da na mutanen Java ko'ina. Mai masaukinmu ne ya nuna mana shagon, yana cikin wani lungu in ka baro babban titin Ngurah Rai ka nufi bakin teku, gaban gidan mutane ne kawai aka yi rumfa, babura kaman 20 a jere, Scoopy da Beat da Vario, sai NMAX guda uku a can ƙurya an lulluɓe su. Wata mata ce mai shagon, za ta kai shekara hamsin, kowa Ibu yake ce mata, wato kaman ace Mama ko Hajiya a wajenmu, sai ɗanta da yake duba injin.

Muna gaisawa, kafin ma a zo maganar kuɗi, tace mu kawo lasin. Ni dama ina da SIM C, lasin babur na ƙasar, a Malang na yi shi da takardar zamana ta ɗalibi, kuma Allah ya taimake ni na je bayan watan Agustan 2023 da aka cire gwajin zagayen lamba 8 ɗin nan da yake kada mutane aka mayar da shi mai siffar S. Na miƙa mata ta duba gaba da baya ta kalli fuskata tace yayi. Bazazzagi ya zaro nashi na Najeriya da gadara ya ɗora a tebur. Matar nan ta saka tabarau ta daɗe tana juya katin, sannan ta ɗora yatsa kan harafin B ta tambaye ni da yarensu, Mas, wato kaman ace Malam, wannan ba na mota bane? Wallahi na sha mamaki, dan da gaskiyarta, a namu lasin aji A ne na babur, B na ƙaramar mota ne. Nace mata eh na mota ne amma ai ya iya babur. Tace ba ta musa ba, ya kawo lasin ƙasa da ƙasa mai hatimin babur ko SIM C, in babu toh yayi haƙuri ya hau bayana.

Nan fa mutumina ya hau sama, yace min da Hausa "kai dan Allah gaya mata tun ina aji uku a sakandare nake tuƙa roba-roba daga Samaru zuwa Sabon Gari, me za ta gaya min a kan wannan abin wasan yaran da ko giya babu". Na fassara mata amma na rage gishirin. Tayi murmushi tace duk wanda ya taɓa karya mata babur haka ya faɗa ranar da ya karɓi makulli. Yace zai ƙara kuɗi, tace a'a. Yace zai bar fasfo ɗinsa jingina, tace ita ba ta riƙe fasfon kowa, me za ta yi da fasfo in an kira ta daga asibiti. Ni kam ina gefe ina danne dariya, Bakano ya samu nama, nace masa Allah ya baka haƙuri, dama ku Zage-zagi sai dai goyo.

Wanda bai san asalin maganar ba zai ɗauka tsaurin ido ne kawai irin na mace mai kuɗi, amma akwai dalili. A watan Maris na 2023 gwamnan Bali, Wayan Koster, ya fito yace za a hana baƙi 'yan yawon buɗe ido hayar babur kwata-kwata, duk mai son yawo ya hau mota ta hannun kamfanonin tafiye-tafiye. Lokacin abin ya ishi mutanen gari, 'yan sanda sun ce daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris kaɗai baƙi sama da 170 aka samu da karya dokar hanya, ga masu tuƙi ba riga ba hular kwano, ga masu liƙa lambar bogi a babur, ga masu faɗa da jami'ai in an tsayar da su ana ɗauka a waya. Har ya nemi a janye wa 'yan Rasha da Yukren bizar da ake bugawa a filin jirgi. Masu ba da haya suka yi ca, dan dubban gidaje da wannan sana'ar suke ci. Ƙarshe dai ba a hana ɗin ba, sai a ƙarshen watan Mayu aka fitar da takardar umarni mai lamba 4 ta 2023, wadda tace baƙo sai da lasin mai aiki, sai da hular kwano da suturar mutunci, ba maye, ba ɗaukar mutane fiye da ƙima, kuma ya karɓi abin hawa daga wajen masu haya da ke da rajista. Toh Ibu na cikin waɗanda suka ɗauki takardar da gaske, har ta manna ta a bango cikin leda. Da yawa kuma ko a jikinsu.

Shaida kuwa, Bazazzagi yayi fushi ya fita, ko minti goma ba a yi ba sai gashi ya dawo kan NMAX baƙa wuluk daga wani shago a bakin titi, hoton fasfo kawai suka ɗauka suka karɓi kuɗin kwana ɗaya, ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa hawa babur a rayuwarsa, hular da suka bashi ma maɓallinta ya karye. Ya danna mana hon yace toh Bakano sai ka taho. Ina kallonsa ya fita daga lungun ya hau babban titi ya riƙe hannun dama abinsa kaman yana Kwangila, ya manta nan hannun hagu ake bi, mu tun 1972 muka bar hagu muka koma dama, jikinmu ya riga ya saba, kuma a kwana ne abin yake kama mutum lokacin da hankali ya tafi wani wajen. Wata motar ɗaukar kaya ta taho ta cika shi da hon, ya daburce ya murɗa totur maimakon ya saki, Allah ne kawai ya tsare ya faɗa gefen masu sayar da kwakwa bai taɓa kowa ba. Da ƙafa ya turo babur ɗin ya mayar musu, kuɗin kwana ɗayan kuma suka ce ya shiga kenan. Da ya dawo bai ce komai ba, Ibu ma ba ta ce komai ba, ta dai miƙo masa hular kwano da ruwan sanyi.

Yanzu ga yadda tsarin shagon yake ga mai lasin. Farashi ya ɗan fi na maƙwabta, Vario 125 na ɗauka a rupiya 120,000 kullum alhali a bakin titi ana samu a 80,000 zuwa 90,000, nayi ciniki har na gaji ta rage min 10,000 kacal saboda kwana biyar zan riƙe. Sai kuɗin ajiya 500,000 da za a mayar in ka dawo da kaya lafiya. Kafin ta bada makulli sai ɗanta ya saka ka ka tuƙa zuwa ƙarshen lungu ka juyo ba tare da ka sauke ƙafa ba, ka taka birki a inda ya ja layi da alli, ni abin ma haushi ya bani da farko, ni da na koyi babur a cunkoson Kurna da Rijiyar Lemo ace yaro zai gwada ni, amma na yi. Muna tsaye aka gwada wasu turawa biyu mata da miji, mijin ya wuce, matar ta kasa juyowa ta kusa shiga kwata, aka basu babur ɗaya maimakon biyu. Bayan nan ya zagaya babur ɗin da waya yana ɗaukar bidiyo ina tsaye, duk wani ƙarzane ya nuna shi, ya turo min ta WhatsApp, ya buɗe ƙarƙashin kujera ya nuna min takardar babur da suke kira STNK da rigar ruwa guda biyu.

Sharuɗɗanta kuma suna da yawa, wasu na yarda da su wasu har yau ina ganin takura ce. Ba a saka babur ɗinta a jirgin ruwa, ko Nusa Penida ko Lombok ko Java. Ba a ba wani ya tuƙa, ta kalli Bazazzagi lokacin da take faɗin wannan. NMAX sai wanda ya taɓa haya a wajenta ta ga tuƙinsa. Scoopy da Beat ba ta bayar wa manya biyu in dutse za su hau, injin 110 ne, tace wahalar da shi kawai za a yi. Kuma akwai na'urar bin sawu a jikin kowane babur, ta faɗa min a fili ba ɓoye-ɓoye. Wannan na'urar ce ta fi bani haushi, dare na biyu mun tsaya cin abinci a Denpasar wajen Kampung Jawa bayan isha, ƙarfe goma da rabi sai ga saƙo, Mas lafiya dai ko, dare yayi, hati-hati, wato a kula. Nace ikon Allah, na baro Hajiyata a Kano na zo na samu wata a Sanur.

Babur ɗin kansa ba abin da zan ce, taya sabuwa gaba da baya, fitila da sigina duk suna aiki, madubi biyu cif, birki na kamawa, mai kuma kaman ba ya sha, in na zuba Pertalite na 30,000 wato lita uku sai mu wuni muna yawo. A ƙauyuka in gidan mai yayi nisa akwai 'yan bumburutunsu, a kwalabe suke jerawa a bakin shago, sai na tuna gida. Mun hau gadar Bali Mandara da ta bi ta kan teku wajen kilomita 12, da layin babura daban, iska na kaɗa mu Bazazzagi na ta salati a bayana ya riƙe min riga kaman zai yaga. Sai a kula da zare, watan Yuli lokacin iska ne da suke sakin manyan jiragen leda sama, wani lokacin zaren yakan sauko ya gitta hanya daidai wuya.

Hular kwano kuwa gaskiya nan shagon ya gaza. Masu kyau ne, da tambarin SNI na ingancin ƙasar, maɓalli na kamawa, amma warin gumin mutanen duniya da ke ciki sai da na sayi hular saƙa nake sakawa daga ciki. Mai karɓar kuɗi fiye da kowa ya kamata ya dinga wanke soson ciki. Duk da haka ban cire ba ko sau ɗaya, dan dokar hanya ta 2009 tarar rashin hula tana kai 250,000, rashin lasin kuma har miliyan ɗaya ko wata huɗu a gidan yari, kuma fitila dole a kunne ko da rana tsaka. Abin dariya a shekarar 2009 ɗin ne mu ma aka ce dole hular kwano a Najeriya, 'yan acaɓa suka dinga kifa ƙwarya da robar fenti a ka, fasinja kuma suna cewa ba za su saka ba kar a yi musu asiri.

Toh ga inda ake min dariya. Rana ta huɗu muka ce sai Kintamani mu ga dutsen Batur. Da safe na biya shagon a ƙara min iska a taya, Ibu ta ji inda za mu, ta kira ni gefe tace hawa ba matsala, saukowa ce matsala, babur mara giya ba ya riƙe kansa a gangara kaman mai giya, duk nauyin a kan birki yake, in ka matse shi ba sassauci yakan yi zafi ya daina kamawa, dan haka in dinga tsayawa yana hucewa, kar in saki totur gaba ɗaya, kuma in zai yiwu mu tsaya a sama wajen Penelokan mu kalli tafkin daga nan kar mu gangara. Nace toh Ibu, a raina kuma ina cewa mata da tsoro. Mun hau lafiya ta Tegallalang, sanyi kaman Jos a watan Disamba, lemon zaƙi jibge a bakin hanya, dutsen gashi nan a gabanka da baƙin ƙasar da wuta ta bari. Muka sha kofi muka yi hotuna, sai nace ai ba a zo nan a koma ba a taɓa ruwan tafkin ba.

Hanyar da ta sauka daga Penelokan zuwa Kedisan kwana ce a kan kwana, ga tifofin yashi suna hawowa a hankali suna zubar da shi a kwalta. Mu biyu a kai, Bazazzagi kuma ba ƙaramin mutum bane, na riƙe birki tun daga sama ban tsaya ko sau ɗaya ba. Wajen rabin gangarar naji hannun birkin gaba yayi laushi yana shigewa har jikin roba, na matsa na sake matsawa babu, na baya kaɗai ya rage shi ma yana ƙauri, ga kwana ta taho ga yashi. Abin da Allah ya bani iko kawai na kwantar da mu gefen tudu maimakon gefen rami. Gudun ba yawa, amma mun sha ƙasa, gwiwata da tafin hannuna suka sale, salansa ta ɗana wa Bazazzagi a ƙauri, madubin hagu ya tashi, robar gefe ta tsage. Yana tashi bai ko duba ƙafarsa ba yace "a'a, ashe Kanawa ma suna faɗuwa, ina SIM C ɗin, ciro shi ya ɗaga mu".

Na kira lambar shagon gabana na faɗuwa dan na san yadda wasu ke yi, su ƙirga maka kuɗin sabon babur a kan madubi. Tambayar farko da tayi ita ce kanku ya bugu? Ta biyu akwai wanda kuka buge? Sai da ta ji babu sannan tace kar in sake hawa, in jira. Jiran ne dai ya yi tsawo, sama da awa uku muna zaune a rumfar wata mai shayi kafin ɗanta ya iso da ƙaramar motar ɗaukar kaya, kuma kuɗin motar 250,000 a kaina, wanda ba a gaya min ba ranar da nake saka hannu, yana cikin takardar da yarensu a ƙasa da ƙananan rubutu, wannan kam ban ji daɗinsa ba kuma na gaya mata. Ya biya da mu wani ƙaramin asibiti aka wanke ciwon. Washegari ta ɗauko bidiyon ranar farko muka kalla tare, ta ware tsohon ƙarzane da sabo, ta nuna min rasit na shagon kayan gyara, madubi da roba da man birki da kuɗin aiki 310,000, ba ta ƙara ko sisi ba, kuma kwana na biyar da ban hau ba ta mayar min da kuɗinsa ba tare da na tambaya ba. Faɗa kam na sha shi, a tsaye, gaban turawa, kaman ɗan firamare.

A bas muna dawowa muka yi ta musu da Bazazzagi kan maganar gwamna. Shi yanzu ya koma cewa gara a hana baƙi gaba ɗaya kowa ya hau Gojek ko Grab, wato acaɓa da tasi da ake kira ta manhajar waya. Ni ban yarda ba. Na ga lokacin da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, dalilin tsaro ne ba na haɗari ba, amma na ga yadda magidanta suka wayi gari ba sana'a, sannan a daidaita sahu ta cika gari da nata kalar gangancin. Bali hanyoyinta ƙanana ne, bas ɗin gwamnati ba ta shiga lunguna, in ka ce duk baƙon nan ya koma mota toh Canggu da Ubud ba mai motsi. Kuma ba baƙi kaɗai ke ganganci ba, da idona na ga yara 'yan makaranta uku a babur ɗaya, da manya cikin kayan bikin addininsu da ɗaurin kai ba hula. Abin da matar nan take yi a teburinta cikin minti goma, duba lasin, gwada mutum, hana shi injin da ya fi ƙarfinsa, shi ya hana Bazazzagi babur, kuma da na ji maganarta da ban faɗi ba. Matsalar dai mai shagon bakin titi yana nan yana miƙa makullin NMAX ga duk wanda ya zo da kuɗi, yana kuma kwashe mata kasuwa saboda araha, ba mai ce masa kanzil.

In maki ake bayarwa cikin biyar zan ba ta huɗu, ɗayan na cire shi saboda warin hula da kuɗin motar janwe da ba a faɗa da baki ba, da kuma ragowar kuɗin ajiyata 190,000 da tace za ta turo ta banki sai da na tuna mata sau biyu ya shigo bayan kwana shida. Wanda yake da SIM C ko lasin ƙasa da ƙasa na babur ya neme ni in masa kwatancen lungun. Ɗan uwan da ya kira ni jiya kuma na riga na gaya masa ya je ofishin 'yan sanda na garinsu ya yi lasin tukuna. Bidiyon da Bazazzagi ya ɗauka ina ɗingishi ina tattara fasasshen madubi ya riga ya tura wa duk 'yan ƙungiyar ɗalibai, har wani yayana a Kano ya gani ya kira yana tambaya wai da gaske mace ce ta min faɗa a kan babur.